Kafin ka yar da tsohon pis, ɗan kasuwa, yi lissafi

Jama'a masu karatu, musamman ƴan uwanmu ƴan kasuwar kan iyaka, tun daga Gaya da Birnin Ƙonni har zuwa Ɗan Isa da Magarya, yau muna son mu tattauna a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a cikinmu, wato sauya kamfanin salula, ko na intanet, ko na telebijin, duk sa'ar da aka kaɗa mana gangar garaɓasa. Da wuya kasuwa ta ci ba ka ga samari da lema da lasifika suna rabon pis kusan kyauta ba, ana shelar cewa zuba jika guda ka samu ninki. Ra'ayinmu shi ne, sauya kamfani haƙƙin mai saye ne, wani lokaci ma dole ne, amma wanda ya sauya ba tare da lissafi ba, sau da yawa garin neman gira yake rasa ido.

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne, lambar ɗan kasuwa rumfarsa ce ta biyu. Da ita dillalin Dawanau yake sanar da kai kuɗin wake ya tashi, da ita direban kamyo yake gaya maka inda ya kwana, da ita mai bashi yake neman ka ranar da Allah ya hore masa. An rubuta ta a ƙofar kanti, an buga ta a kan rasit, tana cikin wayoyin mutane ɗari da ba ka san adadinsu ba. Ranar da ta mutu, abokin ciniki ba zai hau mota ya zo cigiyarka ba, maƙwabcinka zai kira.

Ban da ciniki, yau lambar ta zama aljihu. Airtel Money da Moov Money da Zamani Cash duk a kan lamba suke zaune. A Nijeriya kuwa, lambar asusun OPay lambar wayar mutum ce, kuma bankuna ta saƙon waya suke aiko da lambobin sirri. To ga inda haɗarin yake: pis ɗin da aka bari watanni ba a aiki da shi, kamfani yana karɓe lambar ya sayar wa wani. Idan ta faɗa hannun mutumin kirki, sai dai ya sha kiran baƙi. Idan ta faɗa hannun macuci, zai buɗe WhatsApp da ita, ya gaida abokan cinikinka da sunanka, ya ce a turo cikon kuɗin kaya. Kafin gaskiya ta fito, kuɗi sun tafi, mutunci kuma ya taɓu, alhali mutuncin nan shi ne jarin da ya fi kowane jari a kasuwar kan iyaka, inda ake ɗaukar kayan miliyoyi da magana ta baki.

Wannan ba ya nufin mun ɗaura aure da wani kamfani. Su kansu kamfanonin ba su zauna wuri guda ba. Celtel ta koma Zain a 2008, ta koma Airtel a 2010. Telecel ta zama Moov. Orange ta shigo Nijar a 2008, ta sayar da reshenta a 2019, aka sa masa suna Zamani a 2020. Sonitel da SahelCom an haɗe su a 2016 suka zama Niger Telecoms. A Nijeriya, Etisalat ta zama 9mobile a 2017, sannan T2 a 2025. Masu kamfani suna sauya fenti da suna idan lissafinsu ya nuna haka, ba tare da sun nemi shawararmu ba. Saboda haka mu ma mu bi lissafinmu, ba kunya, ba kara.

To yaya ake lissafin? Tambaya ta farko ita ce rezo, kuma ba rezon da ake nunawa a allon talla a Yamai ko Maraɗi ba, a'a, na cikin rumfarka, da na sito, da na hanyar da kayanka suke bi. Kiredi mai araha ba shi da amfani a wurin da sai ka hau tudu kafin kira ya shiga. Ta biyu, a wane kamfani yawancin abokan cinikinka suke? Mafi yawan garaɓasa tsakanin lambobin kamfani guda take aiki, tana kuma ƙarewa cikin kwanaki kaɗan, wata ma sai tsakar dare ake cin moriyarta, lokacin da mai neman na kansa yake barci. Ta ukku, akwai wakilin da zai ba ka tsabar kuɗi ranar kasuwa, ko kuwa kullum sai a ce babu? Shawararmu ita ce, a sayi sabon pis a gwada shi kasuwa huɗu a jere, tsohon yana nan a raye, tunda yawancin wayoyinmu masu ɗaukar biyu ne. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Mu da muke kan iyaka muna da wata matsala da mutanen cikin ƙasa ba su sani ba. Wayarka tana aljihu a Ƙonni, sai ta kama rezon Illela da kanta, a caje ka kuɗin matafiyi alhali ko ƙofar gida ba ka fita ba. Maganin wannan shi ne a shiga cikin waya a zaɓi rezo da hannu. Sannan riƙe lamba biyu, mai 227 da mai 234, ba almubazzaranci ba ne a gare mu. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, har da Jibiya, saboda matsalar ƴan bindiga, kuma a lokacin pis ɗin Nijar ne ya ceci cinikin mutane da yawa na bakin iyaka. Amma kowace lamba ta kasance da sunanka aka yi mata rajista. A Afrilun 2022 Nijeriya ta hana miliyoyin layukan da ba a haɗa da lambar shaidar ɗan ƙasa ba yin kira. Wanda ya sayi pis mai rajistar wani a bakin titi, ranar da ya ɓata ba shi da takardar da zai nuna a maido masa da shi. Kuma lissafin bara ba ya yi wa bana aiki: a Janairun 2025 hukumar NCC ta yarda kamfanonin Nijeriya su ƙara kuɗin kira da na intanet da kashi 50 cikin 100, ga shi canjin naira da sefa ba ya kwana inda ya wuni.

A fannin intanet, Starlink mai aiki da tauraron ɗan adam ya fara aiki a Nijeriya a 2023, a Nijar kuma a 2025, kuma gaskiya ya kai intanet wuraren da ba a taɓa zato ba. Sai dai kafin a ɗauko shi, a haɗa kuɗin na'ura, da kuɗin wata, da na wutar da za ta riƙe shi, ko batir da faranti mai aiki da rana, a raba da watanni goma sha biyu, sannan a gwada da abin da ake kashewa yanzu. Ga babban kanti ko masu aikin fiton kaya yana iya biyan kansa. Ga wanda buƙatarsa aika hoton kaya da saƙon murya ce kawai, sayen doki ne don zuwa bayan gida.

Haka zancen yake ga telebijin. Dekodar Canal+ ba ta buɗe tashoshin DStv, ta StarTimes ma nata daban, don haka duk sauyi sabon saye ne. Masu gidajen kallon ƙwallo su tabbata gasar da samari suke biya dominta tana cikin abin da za su saya, magidanci kuma ya tambayi iyalinsa tashoshin da suke kallo, don sau da yawa ana biyan tashoshi ɗari ana kallon biyar, wasunsu ma kyauta ake kama su da parabol. A kuma sani cewa a Satumbar 2025 Canal+ ta karɓe ragamar MultiChoice, mai DStv da GOtv. Ke nan wanda ya yi fushi da ɗaya ya koma ɗayan, ɗaki ya sauya a cikin gida guda.

Yanzu sai kiranmu ga hukumomi. Ghana tun 2011, Nijeriya tun Afrilun 2013, mutum yana iya komawa wani kamfani da tsohuwar lambarsa, kiredin da ya rage ne kawai ba ya bin sa. Wannan shi ne abin da ke sa kamfani ya ji tsoron mai saye, kuma muna son kowane mai waya, ko a wane gefen iyaka yake, ya samu wannan dama cikin sauƙi. Na biyu, kuɗin kiran ƙetare. A 2007 Celtel ta faɗaɗa tsarinta na rezo guda zuwa Nijar da Nijeriya da Cadi, mutum ya ƙetare da lambarsa ana kiransa ba caji, wato abin mai yiwuwa ne. CEDEAO ta yi dokar sauƙaƙa wannan a 2017, Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, ƙasashen AES kuma sun sa hannu a kan tasu yarjejeniyar a Nuwamban 2024. Madalla, amma cinikin Maraɗi da Katsina da Kano ya girmi dukan waɗannan ƙungiyoyi. Muna roƙon ARCEP da NCC su zauna su samo wa mutanen iyaka farashi na musamman. Na ukku, a tilasta wa kamfanoni su bayyana sharuɗɗan garaɓasa da Hausa a gidajen rediyo, su kuma yi wa mutum gargaɗi kafin su sayar da lambarsa. Shugabannin ƴan kasuwa su ma su kai wannan koke a ƙungiyance, don tsintsiya sai da ɗauri take shara.

Wanda ya gama lissafi ya ga sauyi ya fi masa, to ya kwashe kuɗinsa daga tsohon asusu, ya sauya lamba a banki da WhatsApp, ya sanar da abokan ciniki da bakinsa, ya gyara rubutun ƙofar kanti, ya kuma ci gaba da zuba wa tsohon pis ɗan kiredi har sai kira ya daina shigowa ta cikinsa. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu daga asara, amin.