Jama'ar Ƙofar Doka, Mu Riga Dafin Mashaƙo Isa Ga 'Ya'yanmu

Iyayenmu maza da mata, malamanmu na allo da na Islamiyya, masu unguwanni, wanzamai da masu kyamis na Ƙofar Doka da kewaye: Kira ne a kan mashaƙo, cutar da ta sake tasowa a ƙarshen 2022, ta fi yin ɓarna a Kano, ta shiga jihohi da dama har da tamu ta Kaduna. Akasarin waɗanda ta kwantar yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma mafi yawansu ba su kammala rigakafi ba. Daga Kano zuwa Zariya tafiyar 'yan sa'o'i ce, motoci na sauke fasinja dare da rana, cutar kuwa tari da atishawa ke yaɗa ta.

Ku san da wa muke faɗa. Ƙwayar mashaƙo a maƙogwaro take zama, amma abin da ke kisa shi ne dafin da take fitarwa, wanda jini ke kai shi ko'ina. Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace da katangarta da ƙofofinta, kamar yadda ganuwa ta kewaye birnin Zazzau. Dafin nan ba ya fasa katanga. Yakan zo bakin ƙofa da kamannin saƙon gida, sai ƙwayar halittar da kanta ta shigo da shi. Yana shiga ya tsayar da aikin ƙera sinadaran da take rayuwa da su, sai ta mutu. Masana sun nuna cewa ƙwayar dafi guda tak ta isa ta kashe ƙwayar halitta sukutum.

Matattun ƙwayoyin nan su ne farar fata mai ruwan toka da ke mannewa a maƙogwaron yaro. In aka kankare ta sai jini, in ta yaɗu sai ta toshe numfashi. Wuya ya kumbura, murya ta dushe, haɗiya ta gagara. Sau da yawa sai a mako na biyu, bayan an ga kamar sauƙi ya samu, dafin yake taɓa zuciya. Yana kuma lalata jijiyoyi, har ka ga yaro ya kurɓi koko ya dawo masa ta hanci. Cikin kowane mutum 100 da suka kamu, 5 zuwa 10 na rasuwa, abin ya fi haka muni a ƙananan yara.

 

Ga abin da ya sa muke cewa a yi gaggawa. Maganin kashe ƙwayar cuta ba ya karya dafin da ya riga ya fita. Akwai makarin dafin, wanda ya sa Bajamushe Emil von Behring ya samu kyautar Nobel a 1901, amma dafin da ke yawo a jini kaɗai yake kamawa. Wanda ya riga ya shige cikin ƙwayoyin zuciya ya fi ƙarfinsa. Duk kwanan da aka ɓata ana jiƙe-jiƙe da gwada ƙwayoyin kyamis, dafi aka ba wa fili.

Don haka iyaye mata, ku ɗauko katin rigakafi yau ku duba. Allurar Penta, wadda ke kare yaro daga mashaƙo, sau 3 ake yi: a mako na 6, na 10 da na 14 da haihuwa, kuma kyauta ce a asibitocin gwamnati. A cikinta akwai dafin da aka kashe masa kaifi, don jiki ya koyi gane shi tun kafin na gaske ya iso. Allura ɗaya ba ta isa ba. Wanda ya tsallake, ko ya girma, a kai shi. Ma'aikatan lafiya sun san wadda ta dace da shekarunsa.

Iyaye maza, izini da kuɗin mota a hannunku suke, kada a jira ku dawo daga kasuwa. Yaron da ke zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, a wuce da shi Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a ranar. A ware masa kofi da cokali, a kuma kai waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi a duba su.

Wanzamai, kada ku sa aska a irin wannan maƙogwaro da sunan cire belu. Masu kyamis, ku ce "a tafi asibiti" ko da ciniki zai wuce ku. Alarammomi, almajiranku amana ce, ku buɗe wa masu rigakafi ƙofar tsangaya. Limamai, ku faɗa a huɗubar Juma'ar nan.

Rigakafi ya fi magani. Kowa ya fara da gidansa, sannan ya leƙa na maƙwabcinsa, kada makon nan ya fita da sauran yaron da ba a yi wa allura ba a Ƙofar Doka. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.