KAFIN BABA YA BUƊE RUMBU

A duk lokacin da muka koma gida hutu, ƙannenmu na Gwashi da Bukkuyum da suka gama sakandare sukan tare mu da tambaya guda: "Yaya, wace makaranta zan nema?" Mafi yawansu jami'a ce a bakinsu, in ka ambaci kwaleji sai ka ga fuska ta sauya, kamar ka ce su koma firamare. Waɗansu kuma, da jami'a ta ƙi samuwa, sai su faɗa duk inda aka kafa allo aka rubuta "kwaleji". Dukansu biyu sun yi kuskure, mu kuwa da muka riga su fitowa muna da alhakin faɗa musu gaskiya.

Da farko dai, kwaleji ba abin kunya ba ce. A Amurka, duk da arzikinta, ɗimbin matasa kan fara ne da ƙananan kwalejojin yankinsu na shekara 2, inda kuɗi ke da sauƙi, sa'an nan su zarce jami'a. Mu ma muna da makamantansu a jihar Zamfara. Akwai Kwalejin Ilimi ta Maru, da Kwalejin Abdu Gusau a Talata Mafara, da ZACAS a Gusau, da Kwalejin Noma ta Bakura, da ta kiwon lafiya a Tsafe. Na Tarayya kuwa akwai ta Ƙauran Namoda wadda aka kafa a 1983, da Kwalejin Ilimi ta Gusau wadda mata zalla take ɗauka. Wanda ya yi shekara 3 ya sami NCE, ko ya yi 2 ya sami difloma ta ND, in sakamakonsa ya yi kyau yana iya neman shiga aji biyu na jami'a ta hannun JAMB. Ashe ƙofar ba rufewa ta yi ba, hanya ce kawai ta zagaya.

Amma fa ba girin-girin ba, ta yi mai. Akwai wani yaro ɗan unguwarmu da mahaifinsa ya sayar da gero da tumaki biyu ya kai shi wata makaranta mai zaman kanta, wai ta koyon aikin lafiya. Ya yi shekara biyu cur, yana sa farar riga, ana ce masa likita. Ranar da ya kai takardarsa neman aiki aka ce hukuma ba ta san da ita ba. Yau yana gida, gero ya tafi, shekaru sun tafi. Abin da ya fi mana ciwo shi ne, tambaya guda da an yi da ta hana wannan hasara, mu da muke da ilimin yin ta kuwa ba mu yi ba.

Tambayar ita ce: wace hukuma ta amince da wannan karatu? Kwalejojin ilimi suna ƙarƙashin hukumar NCCE, wadda aka kafa a 1989. Na kimiyya da fasaha suna ƙarƙashin NBTE, mai hedkwata a Kaduna, tun 1977. A lura, amincewar kwas-kwas ake bayarwa. Makaranta tana iya zama halattacciya alhali wani sashe nata bai samu ba. Saboda haka kada ɗalibi ya tsaya ga sunan makaranta, ya tambayi matsayin ainihin abin da zai karanta. Ya kuma tabbata gurbinsa na NCE ko ND ya bi ta JAMB, domin gurbin da aka bayar ta bayan gida yakan zame wa mutum ƙarfen ƙafa ranar da zai ci gaba.

Bayan wannan, gani ya kori ji. Kada a yi cinikin biri a sama. A je a ga makarantar ana tsakiyar zango, a leƙa ɗakin gwaje-gwaje a ga ko akwai kayan aiki ko kuwa tebura ne kurum, a tambayi 'yan ajin ƙarshe ko malamai na shiga aji, da tsawon lokacin da takardar shaida kan ɗauka kafin ta fito. Kwalejin da karatun shekara 3 ke cin 5 ba ta da araha, ko nawa ne kuɗinta.

Wannan ya kawo mu ga maganar kuɗi. Iyayenmu kan tambayi kuɗin rajista kawai, alhali shi ne ƙaramin kaso. A haɗa da hayar ɗaki, da abinci, da takardun darasi, da ɗawainiyar koyarwar gwaji ga mai NCE, da kuɗin mota daga Gwashi zuwa Anka har a kai Mayanchi, wanda ya ninninka tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. A nan ne kwalejin kusa ta fi: mai karatu a Maru ana iya aika masa da tsaba da ƙuli-ƙuli daga gida. Akwai kuma asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024, ba ya ɗauke da ruwa, amma bashi ne, sai a ci shi a kan karatun da zai iya biyansa.

Akwai wani farashi kuma da ba a rubuta shi a rasit. A watan Agustan 2021 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Noma ta Bakura sun kwashi ɗalibai da ma'aikata. A Satumban 2023 aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida. Ashe babu wadda ta tsira don girman sunanta. Dole uba ya san inda ɗansa, balle 'yarsa, za su kwana, ko akwai ɗakin kwana cikin katanga, da kuma sau nawa za a bi hanya a zango.

Wani zai ce muna rage wa ƙannenmu buri, mu da muka sami jami'a. Muna jin wannan zargi, kuma ba mu musun cewa a ofisoshinmu mai digiri ne ke gaba. Sai dai mu duba ƙasarmu. Da gubar dalma ta ɓulla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, ta kashe yara sama da 400, sai da likitoci suka zo daga ƙetare. Har yau abin da garuruwanmu suka fi ƙishirwa shi ne malamin firamare ƙwararre, da ungozoma, da malamin gona, waɗanda 'yan gida ne da za su zauna. Kwaleji ce ke haifar da su.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata: hutun nan mai zuwa, kowa ya zaunar da ƙanensa da mahaifinsa, da alƙalami da takarda, a yi lissafin nan tun rumbu yana rufe. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya sa mu dace, amin.