Tangaran Mai Ɗaukar Lantarki: Darasin da Ya Kamata Ya Shiga Aji

A yawancin makarantunmu na sakandare, in an zo batun sinadarin da ayon ke ratsawa ya ɗauki lantarki, sai malam ya ɗauko ruwan gishiri ko ruwan batir. Daga nan ɗalibi ya tashi da imanin cewa ayon, wato zarra mai ɗauke da caji, ba ya tafiya sai cikin abu mai ruwa-ruwa. A ganina wannan rabin gaskiya ce, kuma lokaci ya yi da za a cika ta.

Tun a 1897 Bajamushen nan Walther Nernst ya ƙera fitila da sandar tangaran na zirkoniya haɗe da itiriya. In sandar tana da sanyi lantarki ba ya bi ta cikinta, amma da ta ɗau zafi sai ya bi, ta kama haske. Asirin kuwa shi ne, zarrar zirkoniyam caji 4 gare ta, ta itiriyam 3. Duk inda itiriyam biyu suka maye gurbin zirkoniyam biyu, sai mazaunin oksijin guda ya zama fanko. Kamar benci ne cike da ɗalibai: muddin ba gurbi, ba mai motsawa, amma da mutum ɗaya ya tashi, sai kowa ya gusa. Haka ayon ɗin oksijin ke tsallakawa gurbi zuwa gurbi.

Wannan ilmi ya daɗe da fita daga ɗakin gwaji. A 1976 kamfanin Bosch ya fito da na'urar zirkoniya mai auna oksijin a hayaƙin mota. Da irin wannan tangaran ake ƙera tukwanen da ke mai da iskar gas lantarki kai tsaye. Cikas ɗinsu shi ne zafi, domin zirkoniya ba ta aiki sosai sai a digiri 800 zuwa 1,000 na Salshiyas. Shi ya sa masana suka duƙufa neman madadi, kamar tangaran na lantanam da galiyam wanda Tatsumi Ishihara da abokan aikinsa suka bayyana a Japan a 1994.

To, mu ina ruwanmu? Ma'adinin zirkon, wanda ake samun zirkoniya daga gare shi, yana nan cikin tarkacen haƙar kuza a tsaunukan Jos. Hausawa na cewa rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Saboda haka ina kira ga malamai, su ware ko da darasi guda su nuna wa yara cewa daskararren abu ma yana ɗaukar ayon. Ɗalibin da bai taɓa jin labarin ba, yaya za a yi ya zaɓi fannin a jami'a?