Karkanda Ma Tamu Ce

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama cikin cincirindon filin wasa na Muhammadu Dikko, wato Karkanda, ranar da Katsina United ta karɓi Kano Pillars ya san gidan kallo ba ya kama ƙafar wannan. Ganguna, ƙura, ihun da kan girgiza benci, ko Arsenal a talabijin ba ta ba ka su. Amma ana take wasa ƙarfe 4, a tashi gab da magariba, alhali ɗan Batsari ko Safana bai isa ya bi hanyar gida cikin duhu ba saboda 'yan bindiga. Dole ya fice tun ana tsaka da wasa. Shi ya sa nake roƙon masu shirya gasar su dawo da wasannin Katsina ƙarfe 2, mu ma mu ji busar tashi.