Tarakta, Katafila Ko Mai Dogon Hannu?

Tun bayan da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, kuɗin shinkafa ya fara zama a hannun wasu mutanen ƙasar Bagudo. Wanda ya tara abin kansa sai ya soma tunanin mallakar inji, don gyaran gona da fili da ginin rumbun ajiya. Uku ake yawan tambayata a kai: tarakta, da katafilar nan mai cebur a gaba da hannun haƙa a baya irin ta kamfanin JCB, da kuma motar ɗaga kaya mai dogon hannu irin ta Manitou ta Faransa.

Amsata ba ta sauyawa. A sayi tarakta, a yi hayar katafila, a bar mai dogon hannu ga masu ita.

Dalilina lissafi ne na kwanaki. Kafin mutum ya zuba miliyoyi, ya zauna ya ƙirga kwana nawa injin zai yi aiki a shekara. Tarakta ba ta san hutu ba a wannan yanki. Da faɗuwar damina tana huɗa a tudu. Ruwa na janyewa daga fadamun Kwara sai ta shiga haro don noman rani. Da kaka a ɗaura mata tirela ta kwaso buhuna zuwa kasuwa, ta dawo da yashi ko bulo. Sandar nan da ke juyawa a bayanta tana iya tuƙa injin sussuka ko famfon ban-ruwa. Idan mai ita ya gama nasa, maƙwabta na layi da kuɗin haya a hannu. Ga kuma babban abu: Massey Ferguson mai ƙarfin doki 75 ba baƙuwa ba ce ga bakaniken ƙauye, kayan gyaranta kuwa ba sa wuyar samu.

Katafila gwana ce, ban musa ba. Takan haƙa rami mai zurfin kusan mita 4, kuma abin da leburori goma za su yi mako suna fama da shi a marmara, ita ta gama kafin la'asar. Wanda ya ga yadda ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa a Kebbi ya san darajar magudanar ruwa da jinga. Amma tushen gida sau ɗaya ake haƙa shi, haka tafkin kifi, haka kwalbati. Bayan nan fa? Sai ta zauna ƙarƙashin darbejiya, rana na busar da bututun manta, kaji na ƙwai a cikin ceburin. Sai dai in mutum ɗan kwangila ne, ko ƙungiyar manoma ce ta haɗa hannu ta saya, ana zagayawa da ita daga Illo zuwa Lolo.

Mai dogon hannu kuwa an ƙera ta ne don inda ake jera kaya a kan katako, ana ɗaga tan 3 ko 4 zuwa saman bene. Mu nan buhu kan ɗan dako yake hawa. In ba babban kamfanin casar shinkafa ba, ban ga wanda za ta biya wa kuɗin man gas ɗinta ba.

Abin da ke ruɗin mutanenmu shi ne kusancin iyaka. Tsofaffin injunan Turai na sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano, su biyo ta Parakou da Kandi, kuma daga Segbana zuwa Tsamiya tafiyar ba ta da nisa. Dillali ya nuna hoto a waya, fenti na ƙyalli, farashi ƙasa da na sabuwar tarakta. To, araha ba ta ado. Waɗanda suka dogara da wannan hanya don kayan gyara sun ji a jikinsu lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019: ƙaramin famfo ya lalace, inji ya yi watanni a tsaye.

Wanda duk ya nace sai ya sayo ta can, ya tafi da bakanikensa, a tayar da injin da sanyin safiya a gabansu, a ɗaga hannun a bar shi a sama a ga ko zai sauko da kansa. Kada kuma ya biya ko sisi sai takardun kwastan sun shiga hannunsa.