Ciwon Gwiwa: Gwajin Jinin Da Ya Kamata Ku Nema

Da zarar hunturu ya kankama a Jos, tambayar da iyayenmu na Gangare suka fi aikowa ita ce: akwai gwajin jinin da zai nuna yadda gwiwa ta cinye? Unguwar hawa da sauka ce, kamar sunanta, gwiwar da ta fara lalacewa kuwa a gangara ta fi ciwo.

A bakin kowane ƙashi cikin gaɓa akwai guringuntsi mai santsi da ke hana ƙashi gogar ƙashi. Jiki na da wasu sinadarai da ake kira enzayim, aikinsu yanke tsohon guringuntsi don a sabunta shi. A ciwon da muke kira sanyin ƙashi, yankan ne ke rinjayar gyaran. MMP-13 na datse zaren da ke ba guringuntsi ƙarfi, ADAMTS-5 kuma na cinye abin da ke riƙe masa ruwa. Ana iya auna danginsu a jini, musamman MMP-3.

Sai dai guringuntsi ba shi da jijiyar jini. Abin da ya fito daga gwiwa sai ya bi ta ruwan gaɓa, ya gauraya da na ƙugu da gadon baya da yatsu, don haka sakamakon ba ya nuna gaɓar da ta lalace. MMP-3 ɗin ma ya fi hauhawa a rumatoyid, wadda cuta ce daban. Har yanzu wannan aikin masu bincike ne. Duk wanda ya ce ku biya ya auna muku guringuntsin da ya rage ta jini, ku riƙe kuɗinku.

Likita, ko a JUTH da ke Lamingo ko a asibitin kusa da ku, da tambaya da duba gwiwa yake gane ciwon: shekara 45 zuwa sama, ciwo mai ƙaruwa da motsi, sandarewar safe da ba ta wuce minti 30. Idan ya nemi jini, yawanci yana son tabbatar da cewa ba gawut ba ne ko rumatoyid.

Gwajin da ni nake so ku nema shi ne na ƙoda da na yawan jini, in dai Hajiya ta yi watanni tana shan diclofenac, ibuprofen ko piroxicam. Balle haɗin kemis ɗin nan da ake ƙullawa a leda ba suna, wanda sau da yawa akwai dexamethasone a ciki, mai tada suga da hawan jini. Magungunan nan na iya taɓa ƙoda, su jawo gyambon ciki mai zubar da jini a ɓoye. Baƙin bayan gida ko kumburin ƙafa, a daina sha a tafi asibiti ranar.

Ga gwiwa, fara da diclofenac na shafawa ya fi aminci. Mai ƙiba kuma, kowane kilo 1 da ya sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku.