Zaman Iyali: Wa Ya Fara?

Jama'a, duk wanda ya taɓa zaman sulhu tsakanin miji da mata ya san tambayar da ke cinye yini: wa ya fara? Uwargida ta ce tana mita ne don maigida ba ya tanka mata. Maigida ya ce mitarta ce ta sa shi kame bakinsa. Kowa da gaskiyarsa, rigima kuwa tana nan.

Irin wannan misali ne Paul Watzlawick da abokan aikinsa na garin Palo Alto a Amurka suka kawo a 1967. Suka nuna cewa abin zagaye yake yi, mita ta haifi shiru, shiru ya haifi mita. Dama Hausawa sun ce shiru ma magana ce.

Yara ma ba su tsira ba. Dokta Salvador Minuchin na Filadelfiya ya bayyana a 1978 cewa wasu yara masu ciwon sukari jikinsu yakan rikice in an jawo su cikin gardamar iyayensu. Shi ya sa a lokacin yakan tara gidan duka, ba yaron kaɗai ba.

To, masu sulhu, a rage neman mai laifi. A tambayi kowa abin da yakan yi in ɗayan ya yi kaza, domin mutum ɗaya in ya sake taku, zagayen ya karye. Amma ban da duka. Wanda ya ɗaga hannu, laifin nasa ne shi kaɗai.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.